Neman kalma: me za mu kira "lived experience"?

Anti Mai Rediyo: Salam jama'a, ku taimaka min, gobe da safe zan naɗi shiri kan ma'aikatan jin daɗin jama'a. Baƙuwata ta yi fama da yoyon fitsari, aka yi mata aiki a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina ta warke, yanzu ita ke zama da sababbin zuwa tana kwantar musu da hankali. Turawa suna cewa "lived experience", mu fa?

Bakatsine: Gogewa.

Anti Mai Rediyo: Gogewa ai ta shekarun aiki ce ɗan'uwa, nas ma tana da ita. Ita wannan a jikinta ta ji, ta san abin da ake ji ran da aka ware maka kwano da tabarma a gida.

Uwar Biyu: To ganau, ba jiyau ba.

Malamin Hausa: Likita ma ganau ne Hajiya. Ni na daɗe ina cewa ɗanɗanau, a kan awon ganau da jiyau, sunan abin kuma ɗanɗananci. Ɗalibaina sun karɓa.

Ɗan Damagaram: Allah gafarta Malam, ɗanɗananci a rediyo? Tsohuwa a ƙauye za ta zaci girki ake koyarwa. Malamanmu tajriba suke cewa.

Malamin Hausa: Mun gudu daga Turanci mu faɗa Larabci kenan, sai kace Hausa ba ta haihuwa.

Ɗan Damagaram: Ilimi da hankali fa daga ina suka zo? Ku dai in kalma ba daga jami'a ta fito ba ba kwa ganin girmanta.

Uwar Biyu: Ku bar wannan don Allah. Ni a ofishin walwala nake, kuma marainiya ce ni, shi ya kawo ni aikin, in yaro ya yi shiru a gaban matar uba na san me shirun yake nufi. Amma akwai haɗari, wadda aure ya gasa ta kan ga tsohon mijinta a fuskar kowane miji, ta yanke hukunci tun kafin ya buɗe baki. Kalmar kada ta zama kirari kawai, ta nuna abu ne da ya faɗa wa mutum.

Bakatsine: To a ce sanin wanda abu ya shafa.

Anti Mai Rediyo: Ya ɗan yi tsawo amma kowa zai gane, da shi zan tafi. Malam zan ambaci ɗanɗanau sau ɗaya in ji me masu kira za su ce.

Malamin Hausa: Wannan bayani ne ba kalma ba, amma je ki. A dai furta ɗ ɗin da kyau.