Katin bashi na ko-ta-kwana: dole ne ga matafiyi ko a'a?

Yaya Babba:
Salamu alaikum. Na sauka Kaduna jiya bayan Isha'i, Alhamdulillah. Abin da ya same ni a wannan tafiyar ba na fatan ya sami kowa a gidan nan, shi ya sa na kawo maganar. Ƙarfe ɗaya na dare na shiga otal a unguwar Deira ta Dubai, na miƙa katin dalata, na'ura ta ƙi karɓa. Aka sake gwadawa, ta sake ƙi. Ga kuɗina ina kallo a waya, amma banki ya kulle katin saboda ya ga an taɓa shi a wata ƙasa. Na kira layinsu har kuɗin wayata suka ƙare. A kujerar falon otal na zauna, jakata tsakanin ƙafafuna, har aka kira Asuba, sannan wani bawan Allah Bakano ya biya mini kwana ɗaya. Ga matsayata: duk mai fita waje, kasuwanci ko Umara, dole ya riƙe katin bashi na ko-ta-kwana. Kuma ya zaɓi wanda ake tara maki da shi, wata rana makin su saya masa tikiti.

Auta:
Subhanallah. Sannu Yaya, Allah ya kiyaye gaba.

Kawu:
Barka da dawowa, ɗana. Na ji zafin abin. Amma ka sake karanta labarinka. Ba kuɗi ka rasa a Deira ba, ƙofa ka rasa. Ɗaki ne cike da kaya, ƙofarsa ɗaya, mabuɗi ya karye. Maganin wannan ƙofa ta biyu, ba bashi ba. Da kana da kati na wani banki daban, wannan Visa wancan Mastercard, da kuɗinka a ciki, da ka kwana a gado.

Yaya Babba:
Kawu, na yarda da rabi. Amma akwai abin da sai mai yawo ya sani. Otal a can suna riƙe kuɗin jingina a katinka kafin su ba ka mabuɗi. Idan katin kuɗinka ne, jarinka suka daskarar. Na taɓa barin otal, fiye da kwana goma kuɗin ba su dawo ba, ga kayan waya na gani da araha ban iya ɗauka ba. Idan katin bashi ne, kuɗin banki za a riƙe, nawa suna aiki.

Yaya ta Ingila:
Wannan gaskiya ne, kuma ina bayan Yaya a nan. A wajenmu yawancin kamfanonin hayar mota sun fi son katin bashi, wasu ma ba sa karɓar wani. Sannan akwai dokar masu sayayya ta 1974, sashe na 75: in ka sayi abu daga fam 100 zuwa fam 30,000 da katin bashi, mai kaya ya ci amana ko kamfanin ya rushe, bankin ma yana da alhakin biyanka. Shi ya sa ba na sayen tikitin zuwa gida da wani kati. Shekarata shida da shi, ban taɓa biyan ko kwabo na ruwa ba, don ranar da takardar wata ta fito ake zare kuɗin gaba ɗaya daga asusuna.

Kawu:
'Yata, kin faɗi sharaɗin da kanki: albashi yana shigo miki a rana sananniya, da kuɗin da kike kashewa. Yayanki ɗan kasuwa ne, kuɗinsa na cikin kwali a tashar ruwa ko a hannun masu bashi a Kasuwar Gumi. Kuma waccan dokar ta Ingila ce, ba ta bin mutum zuwa Kaduna.

Bari in yi muku bayanin yadda abin ke aiki, don na zauna a bayan kanta shekara da shekaru kafin in yi ritaya. Banki zai ba ka wa'adi, 'yan makonni, in ka biya duka babu ruwa. In ba ka iya ba, za su nuna maka wani ɗan ƙaramin adadi su ce ko wannan ka biya ya isa. Ya isa kada a kira ka mai taurin bashi, amma sauran yana nan yana haihuwa. A ce ruwan kashi 3 cikin 100 ne a wata, ka ci naira 500,000 a tafiya. Naira 15,000 ke nan duk wata, uwar kuɗin ba ta motsa ba. Kada ku ga kamar na cika adadin: Babban Banki da kansa ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a Nuwamban 2024, kuma a lokacin da wuya banki ya ba ka bashin da ba jingina a ƙasa da haka.

Abu na biyu, wanda ya fi shafar maganar gaggawa. In ka ciri tsabar kuɗi da katin bashi a ATM, yawanci babu wani wa'adi. Daga ranar ruwa ke fara hawa, ga kuma cajin cirewa. To gaggawa nawa ce a ƙasar nan ba ta tsabar kuɗi ba?

Na uku, tun Agustan 2020 akwai tsarin da ake kira GSI. Ka sa hannu a kai lokacin karɓar bashi, in ka gaza biya, za a bi BVN ɗinka a kwashe daga asusunka na wasu bankuna. Wanda ya ɗauka kuɗin makarantar yara na ɓoye a wani banki, sai dai ya ga alat.

Gwaggo:
Ni duk wannan lissafin bai dame ni ba. Tambaya ɗaya gare ni. In babu sabis, wane kati ne ke aiki? Kun manta ƙarshen Satumban 2021 da aka yanke layukan waya a sassan jihar nan, aka shafe kusan wata biyu? Kun manta Maris ɗin 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka katse, bankuna suka tsaya cak? Daren da nakuda ta kama matar Ɗan'auta, a wani asibiti aka ce sai an ajiye kuɗi. Na miƙa kati, aka zare kuɗin daga asusuna, su kuma suka ce bai shigo musu ba. Yarinya tana murƙususu a benci tana riƙe da mayafina. Dubu arba'in ɗin da ke ƙulle a bakin zanena su suka shigar da ita ɗakin haihuwa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Auta:
Gwaggo, Allah ya ƙara girma, amma tsabar kuɗin ma ta taɓa cin amanarmu. A Fabrairun 2023 ba da idonmu muka ga masu tsofaffin dubu-dubu suna yawo da su ba mai karɓa? Har sai da Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara Kotun Ƙoli, aka yanke hukunci ranar 3 ga Maris. A lokacin mai taransfa ne ya ci abinci. Kuma wa zai ɗauki kuɗi masu yawa ya hau hanyar Abuja?

Gwaggo:
Ban ce a cika buhu ba, Auta. Na ce kada a fita hannu rabbana a dogara da roba.

Baffa Malam:
Wa alaikumus salam. Na bari kowa ya faɗi nasa ne. Akwai gefen da ba a taɓo ba, kuma a wurina shi ne gaba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Riyad a shekarar 2000 a kan irin wannan katin. Abin da ta tsayar shi ne, katin da aka gindaya sharaɗin ruwa a yarjejeniyarsa bai halatta a fitar da shi ko a yi mu'amala da shi ba, ko da mai shi ya ƙudurta zai biya kafin wa'adi. Dalili, sa hannun da ka yi, ka amince ke nan da sharaɗin riba, kuma ba ka da tabbacin gobe. Idan babu sharaɗin ruwa, kuɗin hidima ne tsayayye wanda ba ya ƙaruwa da yawan bashi ko tsawon lokaci, wannan babu laifi.

Yaya ta Ingila:
Allah ya gafarta Malam, ke nan shekara shida ina cikin saɓo?

Baffa Malam:
A'a 'yata, ban yanke miki haka ba. Akwai malaman da suka yi rangwame ga wanda ke zaune inda rayuwa ke wuya ba tare da katin ba, muddin yana biya kafin ruwa ya hau. Saɓani ne sananne. Amma rangwamen don buƙata aka yi shi. Yayanki abu biyu ya haɗa a magana ɗaya, larura da maki. Kwana a falon otal ana iya kiransa larura. Kwaɗayin tikitin kyauta ba larura ba ne.

Yaya Babba:
Baffa, ba kwaɗayi ba ne. Kuɗin nan dole in kashe su, tikiti, otal, kaya. In za a mayar mini da wani abu a kai, me ya sa zan bar musu?

Auta:
Yaya, bari in shiga nan, don wannan na bincika sosai lokacin da nake neman hanyar biyan kuɗin jarrabawa ta intanet. Da farko, makin jirgi ba sai da katin bashi ba. Skywards na Emirates, ShebaMiles na Ethiopian, rajista kyauta ce, lambarka kawai za ka bayar duk sanda ka sayi tikiti. Kana da ita kuwa?

Yaya Babba:
Ban taɓa yi ba.

Auta:
To ka ga, shekara nawa kana zirga-zirga, makin da ke naka halak malak ka bar su a ƙasa. Na biyu, bidiyon da muke gani na masu yawon duniya da maki, yawancinsu 'yan Amurka ne, inda bankuna ke rububin kwastoma da manyan kyaututtuka. Nan ko katin bashin ma sai mai albashi a bankin ko mai ajiya mai nauyi ake ba. Na uku, maki ba kuɗi ba ne, kamfani ke da ikon rage darajarsu. Emirates ta daina zuwa Najeriya a ƙarshen 2022 saboda kuɗinta da suka maƙale, ba ta dawo Legas ba sai 1 ga Oktoban 2024. Wanda ya tara maki don tashi daga gida, kusan shekara biyu sai kallo.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne bashin dala. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Kai da naira kake sayar da kaya. Ka ci bashin dala 1,000 ka yi jinkiri, ko ba ruwa ma, canjin kaɗai ya isa ya cinye ribar tafiya uku.

Kawu:
Auta ta gama magana a kan maki. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuɗin shekara da ake caja a kan katin, da abin da ake ɗorawa a canji, daga nan ake yanko ɗan abin da ake mayar maka.

Amma ba zan ƙi gaskiya ba, maganar jinginar otal da ka kawo tana nan, ban rushe ta ba. Abin da zan ce, ka ware dala ɗari uku ko biyar a kati na biyu, ka ɗauka ba jari ba ne, aikinsu ke nan a riƙe su a sake su. A Fabrairun 2024 ma Babban Banki ya ce kuɗin guzurin tafiya a kati za a riƙa ba da su, ba a hannu ba, ka ga kati na biyu ya samu ta nan. Kada ka haɗa su a walat ɗaya. Ka sanar da banki ranar tafiya da ƙasar da za ka. Layin da lambar sirri ke shigowa ya kasance yana aiki a can. In na'ura ta tambaye ka da wane kuɗi za a caje ka, ka zaɓi dirhami, kada ka bari su yi maka canji da farashinsu.

Yaya Babba:
Dala ɗari biyar a kwance, Kawu, kwalin caja nawa ke nan? Kuma duk wannan yana aiki ne in abin da ya taso bai fi ajiyar ba. In ciwo ya kama ni a can, aka ce dala dubu uku fa? Wa zan kira ƙarfe ɗaya na dare?

Gwaggo:
Mu za ka kira. Ina amfaninmu? Tun rasuwar Alhaji nake cewa a buɗe asusun gida na ko-ta-kwana, kowa ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa duk wata, ana ta cewa sai an zauna.

Yaya ta Ingila:
Ina ciki, Gwaggo. Amma inshorar tafiya ita ce amsar tambayar Yaya ta ciwo, ba kati ba, ba asusun gida ba. Kuma har yanzu ban sauka daga ra'ayina ba: wanda ya iya riƙe kansa, katin bashi kariya ne.

Baffa Malam:
Akwai takaful, wato inshorar Musulunci, a tambaya ko suna da na tafiya. Kuma bankunan da ba sa mu'amala da ruwa suna garin nan, Jaiz ma Kaduna na cikin rassa uku da ya fara da su a 2012. Kafin ka sa hannu a ko'ina, ka je ka ji abin da suke da shi. In an ba ka takarda, ka kawo mini in ga sharaɗin jinkiri da idona.

Yaya Babba:
Maki na ajiye su, Auta ki yi mini rajistar nan yau. Katin bashin kuwa ban janye ba tukuna, sai na ga takardun. Kawu, ko za ka raka ni ranar Litinin?

Kawu:
Ƙarfe tara, mu haɗu a Yakubu Gowon Way. Ka taho da fasfo ɗinka da katin da ya ƙi aiki, da shi za mu fara.