Neman shawara: an mayar da ni Abuja, wace unguwa zan ajiye iyali?

Assalamu alaikum jama'a. An yi mini sauyin wurin aiki daga Kano zuwa Abuja, ofishinmu yana Sakatariyar Tarayya. Yarana uku: babbar tana aji ɗaya na ƙaramar sakandare, mai bi mata yana aji biyar a firamare, autan kuwa bana zai fara. Albashina ba zai ɗauki haya da makarantar kuɗi ba, dole ɗaya ta haƙura. Dillali ya nuna mini gida mai sauƙi a Mararaba, abokin aikina ya ce Kubwa, uwargida kuma ta ji ana yabon Lugbe. Ina zan samu makarantar gwamnati da ake karatun kirki, da Islamiyya kusa?

Wani mazaunin Mararaba: Wa alaikumus salam. Malam, araha ba ta ado. Mararaba a jihar Nasarawa take, makarantunta ma na Nasarawa ne. Ni da ke zaune a nan, in ban fita da an sallame Asuba ba, cunkoson motoci daga Nyanya zuwa shataletalen AYA da ke hanyar shiga gari sai ya cinye mini safiyata. Yarana suna barci nake fita, suna barci nake dawowa.

Wata malamar firamare: Ɗan'uwa, akwai abin da dillali ba zai faɗa maka ba. Firamaren gwamnati a Abuja, waɗanda muke kira LEA, ƙananan hukumomi shida ne ke biyan malamansu: AMAC (wato ta birnin Abuja), Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. A 2025 mun yi sama da wata uku muna yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, yara na zaune a gida. Sauya unguwa bai kuɓutar da kowa ba, duk an rufe. Don haka ka tanadi ɗan abin biyan mai lesin a gefe.

Sannan kada sunan unguwa ya ruɗe ka. Ka je makarantar da ƙafarka da misalin ƙarfe goma na ranar Talata, ba tare da ka sanar ba. Leƙa aji biyar ka ƙirga kawuna. Dubi allo, rubutun yau ne ko na makon jiya? Roƙi wani yaro littafinsa ka ga yaushe jan biro ya taɓa shi. Ka shiga banɗaki ma, tunda kana da 'ya mace. Yarinyar da ba ta da inda za ta kewaya, fashin makaranta za ta riƙa yi.

Wani mazaunin Kubwa: Kubwa dai, Yallaɓai. Akwai firamare da sakandaren gwamnati, ga babban asibiti, ga tashar jirgin ƙasa mai zuwa Kaduna. Masallatai da Islamiyyu kuwa sai ka zaɓa. Abu ɗaya: gida da makaranta su kasance gefe guda na babban titin. Motocin wurin ba sa ragawa babba, balle yaro mai jakar goyo.

Wata uwa daga Lugbe: Lugbe ba laifi, amma kada ku biya haya a rani. Mu haka muka yi, damina na sauka ruwa ya shigo mana har falo. Dubi gindin katanga, in da shatin ruwa za ka gani. Tambayi masu kurar ruwa ma, sun fi dillali sanin gidan da burtsatsensa ke ƙafewa. Shi kuma ɗan aji biyar, ku fara shirya shi jarrabawar NECO ta shiga kwalejojin tarayya, akwai ɗaya a Kwali.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Na cire Mararaba. Talata mai zuwa in sha Allahu zan zaga makarantun Kubwa. Malama, takardar canjin makaranta kaɗai zan karɓo musu daga Kano, ko har da sakamakon zangon baya?