Neman kalma kafin Laraba: me za mu kira "riyakta" da Hausa?

'Yar Mabera: Assalamu alaikum iyayena da malamaina. Ina da shiri a rediyo ranar Alhamis da la'asar, na 'yan sakandare masu shirin rubuta JAMB, kan ayyukan da yaro zai iya nufa in ya ɗauki kimiyya. Wannan makon biyu na haɗa: aikin shugabantar sashen kwamfuta a ma'aikatu, da injiniyancin nukiliya. Na farkon na sa "manajan fasahar sadarwa", bai kwanta mini ba amma zai shige. Na biyun ne ya gagare ni, wato abin nan da Turawa ke kira riyakta, inda ake tsaga yuraniyom ya ba da zafi. Na rubuta "injin nukiliya", shugaban sashenmu ya soke da jan biro, ya ce mai saurare a Gwadabawa ko Tangaza bam kawai zai ji. Laraba da azahar zan miƙa rubutun. Don Allah a taimaka.

Ɗan Runjin Sambo: Tukunyar nukiliya mana. Ruwa ake tafasawa, tururi ya juya inji, inji ya ba da lantarki. Kuma a zahiri tukunyar ƙarfe ce mai kauri da murfinta.

Malamin Kimiyya, Dundaye: Shugabanki ya yi daidai da ya soke inji, ko da dalilinsa daban ne da nawa. Ba abin da ke juyawa a cikin riyakta. Tukunya kuma rabin gaskiya ce, don ita mazubi ce, a nan kuwa wutar ce a ciki. Kuma ba kowane ake tafasa ruwa da shi ba. Guda ɗayan da muke da shi a Najeriya yana Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ƙirar Sin ne, ya fara aiki a 2004, ƙarfinsa kimanin kilowat 30. Ko kwan fitila ɗaya ba ya kunnawa, aikinsa gano sinadaran da ke cikin ƙasa, duwatsu da abinci, da horar da ɗalibai.

Ni murhu nake ce wa ɗalibaina. Niyutiron, wani ɗan ƙanƙanin ɓurɓushi da ke cikin cibiyar ƙwayar zarra, ya bugi cibiyar ƙwayar yuraniyom, ta tsage, zafi ya fito tare da wasu niyutiron biyu ko uku, su ma su je su bugi na gaba, kamar yadda icce ke kama ɗan'uwansa. Duk gwanintar injiniyoyin a wuri ɗaya take: a bar guda ɗaya tak daga cikinsu ya ci gaba da aikin, a shanye sauran. Abin da ya raba gobara da girki ke nan, kuma shi ne ya raba bam da riyakta. In yaro ya ji murhu ya san wuta ce da ke da mai tsaronta.

Ɗan Runjin Sambo: Malam, a murhu in ka tura icce wuta ƙaruwa take. A riyakta na ji in aka tura sanduna mutuwa take. Ba a kife misalin yake ba?

Malamin Kimiyya, Dundaye: Ka kama ni a nan. Sandunan na sinadarin kadmiyom ne ko boron, shanye niyutiron suke, don haka ba icce ba ne, linzami ne. Ranar 2 ga Disamba 1942, da Enrico Fermi da mutanensa suka tayar da riyakta na farko a Jami'ar Chikago, sandar kadmiyom suka riƙa zarowa kaɗan-kaɗan har abin ya kama. Amma ga inda murhu ya fi kowace kalma: ka kashe harshen wuta, garwashi na nan. Abin da ya faru a tashar nukiliyar Fukushima ta Japan a 2011 ke nan. An tsayar da tsagawar tun da girgizar ƙasa ta auku, sai ambaliyar teku ta kashe injinan da ke tura ruwan sanyaya, zafin da ya saura ya narkar da man, wato yuraniyom ɗin da ke ciki.

Baba na Kanwuri: Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka da kinka tambaya. Amma ku duka kun bar jaki kuna bugun taiki. Kuna gardamar tukunya da murhu, kun bar "nukiliya" zaune, ita ko ba tamu ta ba. Larabawa da abin ga ya zo musu ba su ara ba. Sunka duba harshensu sunka ɗauko nawa, wato ƙwallon dabino, sunka ce nawawi. Mu ma muna da zarra tun zamanin Shehu da Abdullahin Gwandu, kowane almajiri ya san ƙwayar zarra. Kuma harshenmu shina da hanyar gina sunan wuri: inda aka ƙira maƙera, inda aka jima majema, inda aka rini marina. To inda aka tsaga zarra mi za a ce mai? Matsagar zarra. Shekara da shekaru ina hwaɗin kalmar ga.

Hajiya Mai Fassara: Allah ya gafarta Baba, ginin ya yi kyau, ba mai musu. Sai dai abu biyu. Riyakta wuri ne ko kayan aiki? In kayan aiki ne, matsagi za mu ce, kamar mabuɗi da magirbi. Matsaga sai ta koma sunan tashar baki ɗaya. Na biyu, Bahaushe in ya ji tsaga, wanzami yake tunawa da askarsa. Kuma zarra a bakin yaran yau ta "wane ya yi zarra" ce.

Baba na Kanwuri: Hajiya, wurin da mutum ka tsayawa gabanai shi yi aiki wuri na. Maƙera ma ai akwai zuga-zugi da uwar maƙera cikinta, ba a ce mata maƙeri ba. Yaran da ba su san zarra ba kuwa, aikin rediyo na shi sanar da su.

Malamin Kimiyya, Dundaye: Baba, da girmanka, ba zarrar ake tsagawa ba, cibiyarta ce. In za mu bi gaskiya sai mu ce matsagar cibiyar ƙwayar zarra, kafin ta gama faɗa lokacin talla ya yi. Su kansu masu ƙirƙirar ba su wahalar da kansu ba. Tubalan girafait, baƙin abin nan na cikin fensir, suka jibga da yuraniyom a tsakani, suka kira shi da kalmarsu mai nufin tsibi. Daga baya sunan riyakta ya zo.

Bakanon Arkilla: Ni dai a bi abin da kafafen labarai suka saba. Nukiliya ta zauna, kamar mota da asibiti. In kowane gari zai ƙirƙiro tasa, wanda ke Kano ko Kaduna ba zai gane ba. Akwai daidaitacciyar Hausa, a tsaya a kanta.

Baba na Kanwuri: Daidaitacciya wa yad daidaita ta? Turawa sunka zauna sunka zaɓi bakin Kano don nan ciniki yake, shi ke nan sai mu da munka rubuta waƙoƙi da ajami tun ba a san boko ba mu koma 'yan koyo? Nana Asma'u da wace Hausa tay yi wa mata karatu?

Bakanon Arkilla: Baba ban taɓa Nana Asma'u ba, kuma shekarata goma sha ɗaya ina cin arzikin Sakkwato. Cewa na yi shirin na masu rubuta JAMB ne, kuma ba da Sakkwatanci ake jarrabawar Hausa ba.

Ɗan Runjin Sambo: Ai ko matsagar zarra ba Sakkwatanci ba ce, Bakano ma zai gane ginin. Kai ne ka kawo maganar gari.

Hajiya Mai Fassara: Zarra ɗin ma daga Larabci muka aro ta, Baba. In aro laifi ne, ita ma baƙuwa ce, ta dai daɗe a gidan.

Baba na Kanwuri: Baƙon da yak kwana ɗari biyu gidanka ɗan gida na. Kuma wadda taz zo ta hanyar Alƙur'ani ba ɗaya take da wadda taz zo ta bakin bindiga ba.

Injiniya na Gawon Nama: Jama'a, kun shafe yini a kan abin da guda ɗaya ne a ƙasar nan, kun tsallake aikin da yaran za su iya samu a banki, asibiti ko jami'a a cikin garin nan. Ƙanwata, cire "manajan fasahar sadarwa". Shekara tara ina wannan aiki, duk wanda na faɗa wa haka sai ya ɗauka a kamfanin waya nake, ya ce in duba masa layinsa. Aikin shi ne ka tsara kuɗin da sashe zai kashe a shekara, ka raba wa ma'aikatanka aiki, ka yanke wa zai ga wane bayani, ka tabbata akwai kwafin komai a wani wuri in na'ura ta ƙone. A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, rabin tunanina yana kan batir da sola da sanyin ɗakin da manyan kwamfutocin suke. Ki ce shugaban sashen kwamfuta da bayanai. Kuma ayyukan biyu suna haɗuwa: a 2010 aka gano Stuxnet, manhajar ɓarnar da ta lalata injinan tace yuraniyom a Natanz ta Iran.

Baba na Kanwuri: Wanga ai Magajin Rumbu na.

Hajiya Mai Fassara: Baba a bar wa fada sarautunta. Na Injiniya ya yi.

'Yar Mabera: Na gode ƙwarai. Na ɗauki na Yaya Injiniya yadda yake. Ɗayan kuma na kai wa shugabanmu uku, ya zaɓi murhun nukiliya, da sharaɗin in faɗi riyakta sau ɗaya a farko don masu karatu da Turanci. Sandunan zan ce sandunan linzami. Malam, zan ƙara da abin da ka turo mini, cewa na Zariya an sauya masa mai a 2018 daga yuraniyom mai tacewar kashi 90, irin wanda ake iya haɗa bam da shi, zuwa mai kashi 13, aka mayar da tsohon Sin, don wannan ne zai kwantar da hankalin masu jin bam. Zan kuma ambaci garin Arlit na maƙwabtanmu Nijar, tunda ana haƙo yuraniyom a can. Baba ka yi haƙuri, ya ce matsaga tana buƙatar bayanin minti biyu, ni kuwa minti ashirin da biyar gare ni duka.

Malamin Kimiyya, Dundaye: Ki dai ce murhu ne marar hayaƙi da harshen wuta, kada su zaci ƙonawa ake.

Baba na Kanwuri: Ban yarda ba, ɗiyata, murhu na girkin tuwo na. Amma ina saurare ranar Alhamis. In kun buɗe layin waya ni ka fara kira, kuma matsagar zarra za ni ce.

'Yar Mabera: Biyar saura kwata muke buɗewa, Baba.