Shawarwarin da suka fito kan masu jefa ƙwallo na kulob ɗin besbol na White Sox

A hutun tsakiyar kakar 2024 Chicago White Sox sun ci wasa 27 an doke su 71, to shi ne muka zauna da 'yan'uwa masu bin besbol kowa ya faɗi abin da yake gani.

Kusan kowa ya yarda kakar nan ta riga ta tafi, gara a sayar da wanda ke da kasuwa kafin a rufe musayar 'yan wasa ranar 30 ga Yuli a karɓo matasa. Cikin masu jifa, wato waɗanda ke jefa wa mai sanda ƙwallo ya buga, Erick Fedde aka fi ambata, tunda ya dawo daga buga wasa a Koriya hannunsa ya zauna, kuma kwantiraginsa ba tsada. Michael Kopech ma aka ce a sake shi, ƙarfin jifa akwai amma saitin ne ke ba shi matsala.

Inda aka daɗe ana ja-in-ja shi ne Garrett Crochet. Wasu suka ce a sayar yanzu da farashinsa ke sama, wasu suka ce a'a, yaron nan an yi masa aikin gwiwar hannu a 2022, a da daga benci yake shigowa, a 2024 ne ya fara buɗe wasa kuma har ya wuce zagaye 100 na jifa (wasa ɗaya zagaye tara ne), don haka a rage masa nauyi, ya yi zagaye uku ko huɗu a cire shi. Ni dai nan na tsaya wallahi, don in hannun ya sake lalacewa asarar ta kulob ce da shi kansa.

Sai masu cewa a ɗauko yara daga ƙaramin kulob ɗinsu na Charlotte a gwada su tun yanzu.