Wanka ne ke ruɓar da ƙuna a asibiti?

Mai shayi, Agege: Salamu alaikum jama'a. A saka yaron shagona a addu'a, tukunyar gas ta kama da wuta ranar Talata, ta ƙone shi ƙirji da hannaye. Damuwata ita ce wankan da suke yi masa a asibiti. Jiya na ga bandejin ya yi kore-kore, ga wani wari. Ni dai na ce ruwan nan ne ke ruɓar da ciwon.

Baba Alhaji: Allah ya ba shi lafiya. Mu tun tasowarmu ƙuna ba ta shiri da ruwa. Gashin zomo ake liƙawa, a bar ta ta bushe.

Anti Nas, Idi-Araba: Baba, a yi mini afuwa, gashin zomo ƙazanta yake cusawa cikin nama. Amma Mai shayi, maganarka ba ta faɗi ƙasa ba. Koren nan galibi aikin wata ƙwayar cuta ce mai suna Pseudomonas. Danshi ne gidanta: bakin famfo, tiyo, magudanar baho. Fata ita ce katangar jiki, mai ƙuna kuwa katangarsa ta rushe. In aka tsoma wannan a baho, aka fitar, aka tsoma wancan ba a tsabtace sosai ba, an raba musu cuta ke nan. Ko a jikin mutum ɗaya, ruwan da ya jiƙa mazaunai shi zai taɓa ƙirji.

Mai shayi: To kun ji! Gobe zan ce su daina.

Anti Nas: Kul! Matacciyar fata da mugunya su ne abincin ƙwayoyin. In ba a wanke an cire ba, sai su shiga jini, kuma wannan ne ke kashe masu ƙuna da yawa bayan sun tsallake kwanakin farko. Shi ya sa asibitoci da dama suka bar tsomawa. Ana kwantar da mutum a gadon wanka da sabuwar leda, a fesa ruwa yana gangarewa, a jefar da ledar.

Direban tirela, Apapa: Anti, wane ruwan? A Legas ɗin nan da kowa ya dogara da burtsatse da tankin da ba a san ranar wankinsa ba? Ni ina bayan Baba, a shafa magani kawai.

Anti Nas: Maganin shafawa a kan tsohon magani da datti ba ya kai wa ga ciwo, Malam. Ruwan tanki dai ka yi gaskiya, abin tambaya ne.

Baba Alhaji: Zuma fa? Ita ma za ki kushe?

Anti Nas: Zuma tana aiki Baba, amma wadda aka tace aka kashe ƙwayoyin cutar cikinta don ciwo, ba ta kwalba a kasuwar Mile 12 ba.

Mai shayi: Yanzu me zan ce musu?

Anti Nas: Ka tambaya tsoma shi ake yi ko fesawa, kuma ana canza leda da safar hannu tsakanin majinyata? Ka nuna wa likita koren, ka roƙi a ɗebi mugunyar a kai gwaji. In zazzaɓi ya taso ko ya fara sambatu, kada ka jira safiya.

Baba Alhaji: Ni dai har yanzu ban yarda da ruwan ba. Wane ɗaki yake? Zan leƙo bayan La'asar.