Na gama digirin harkar jiragen sama amma tuƙi ya gagara, ina mafita?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum 'yan zaure, dan Allah shawara nake nema. Na gama digiri a fannin harkar jiragen sama, tun ina yaro ba ni da buri sai zama matuƙi, to da na je gwajin lafiya na aji ɗaya wanda ake wa matuƙan jiragen haya sai likita ya buɗe min littafin nan mai ɗigo-ɗigon kala ya ce in karanto lambobin da ke ciki, wallahi wasu shafukan ban ga komai ba sai ɗigo. Ashe ba na bambance ja da kore sosai kuma ban taɓa sani ba. Yanzu ga kwali a hannu, kowa sai tambaya yake yaushe za ka fara tashi. Me mutum zai yi da karatun nan in ba tuƙi ba?

Maman Iman: Wa'alaikumussalam. Allah ya sa hakan ne mafi alheri ƙanena. Ka nemi aikin hasumiya mana, masu ba jirage umarnin sauka da tashi, ai aiki ne mai daraja.

Injiniya: Hajiya a gafarce ni, kar mu tura shi inda zai sake shan ƙasa. Su ma masu hasumiya ana musu gwajin lafiya, kuma ganin kala yana ciki. Ga ƙa'idar shekaru a wasu ƙasashen, a Amurka sai ka nema kafin ka cika 31, ritaya kuma dole a 56. Amma Ɗan Auta kafin ka haƙura, littafin ɗigon nan tantancewar farko ce kawai, akwai gwaji na biyu da ake yi da fitilu ko da na'ura, kuma akwai waɗanda suka faɗi a littafin suka haye a can. Ka koma ka tambayi likitan.

Ɗan Auta: Kai ban san da wannan ba wallahi. Zan koma. Amma dai a ci gaba da ba ni shawara ko da ba a dace ba.

Injiniya: To ni gyara nake, shi zan tallata maka. Sai dai ka sani digiri ba lasin ba ne, kwalinka ba zai ba ka damar sa hannu a ce jirgi ya yi lafiyar tashi ba. A tsarin EASA, hukumar kiyaye lafiyar jiragen sama ta Turai, akwai lasin B1 na inji da gangar jirgi, da B2 na lantarki da na'urorin gaban matuƙi. A Amurka kuma ko ka yi makarantar da hukumar jiragen saman ƙasar, wato FAA, ta amince da ita ko ka kawo shaidar wata 30 kana aiki da hannunka kafin ka zauna jarrabawar ɓangarorin biyu. Aikin dare ne yawanci, lokacin da jirage ke kwance, kuma in aka tashi aiki aka ƙirga sifana aka ga babu guda ɗaya to ba mai tafiya gida sai an gano ta, don ba a san ko tana cikin inji ba. Wasu kamfanonin suna duba ido kafin su ɗauka, ka fara tambaya.

Mai Tsara Hanya: Ni dai da za ka ji tawa, disfaca za ka zama. Shi ne aikin da ya fi kusa da tuƙi alhali kana zaune a ofis. Mu muke tsara hanyar da jirgi zai bi, mu lissafa man da zai sha har da na ko-ta-kwana, mu zaɓi filin da zai karkata in wanda aka nufa ya ƙi saukuwa, mu karanta rahoton yanayi da sanarwowin da ke cewa an rufe titin jirgi kaza ko na'ura kaza ta lalace. Misali ƙarfe uku na dare ka ga hasashe ya nuna hazo zai rufe filin da za a sauka da asuba, sai ka ƙara mai, to man nan nauyi ne, sai ka koma ka ga ko dole a sauke wasu kaya, ka kira kyaftin ku daidaita, wani ya yarda nan take wani kuma sai an ja, duk wannan kafin fasinja ya ɗaura bel. A manyan kamfanonin jirage na Amurka doka ta raba alhakin tafiyar tsakanin kyaftin da disfaca, sai dukansu sun yarda jirgi zai tashi. Kwas ɗin FAA awa 200 ne, sai ka kai shekara 23 a ba ka takardar, kuma ba sa neman takardar lafiya irin ta matuƙi. Duk abin da ka karanta na yanayi da taswira da ƙarfin jirgi nan zai yi maka rana.

Ɗan Auta: Yaya, wannan ya kwanta min gaskiya. Ana ɗaukar sabon shiga kai tsaye?

Mai Tsara Hanya: Wani lokacin. Da yawa dai ta ƙasa suke farawa, ko tsara jadawalin ma'aikatan jirgi ko lissafin nauyi da daidaiton lodi. Kar ka raina, a nan za ka san mutane.

Hajiyar Kago: Kowa ya manta da mu masu jigilar kaya ke nan? Jirgi ba mutane kaɗai yake ɗauka ba fa. Ka yi kwas ɗin kaya masu haɗari, littafin ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, da muke aiki da shi duk shekara sabo ake fitarwa, horon kuma duk wata 24 sai an sabunta. Batirin lithium kaɗai ya isa ya riƙe mutum da aiki, mutum zai kawo kwali ya rubuta kayan wasan yara, ka buɗe ka tarar da batira cike ba ko alama a jiki. Wanda ya san ƙa'idar nan ba ya rasa mai nemansa.

Baffa: Yaro, bari in sa baki duk da na yi ritaya. Akwai ɓangaren kiyaye haɗari. Tun 2013 hukumar jiragen sama ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ICAO, ta ware masa kundi na kansa, na 19 cikin kundayen da ke rataye da yarjejeniyar Chicago ta 1944, kuma kamfanonin jirage da manyan filaye ana buƙatar su da tsarin tattara rahoton kurakurai tun kafin su zama masifa. Mai digiri irin naka ya dace da wurin. Binciken haɗari kuma, wanda ke kundi na 13, ba don a kama mai laifi ake yin sa ba, don kar a maimaita ne, amma wannan sai ka yi furfura a harkar tukuna. Akwai ma kamfanonin ba da hayar jirage, kusan rabin jiragen fasinja na duniya na haya ne, cibiyar harkar tana Dublin ta ƙasar Ireland, kuma suna ji da masu iya bin takardun tarihin gyaran jirgi shafi-shafi.

Sarkin Ƙorafi: Ni gargaɗi kawai zan yi. Na taɓa biyan wani kwas a intanet, hoton jirgi rangaɗau a shafinsu, aka turo min satifiket mai zinare a gefe, na kai intabiyu mutumin ya juya shi gaba da baya ya ce wace hukuma ce ta san da waɗannan? Kunya kamar in nutse. Kafin ka ba kowa ko sisi ka duba sunan makarantar a jerin da hukumar jiragen saman ƙasar da kake son yin aiki ta amince da su, don lasin wata ƙasa ba lallai ya yi aiki a wata ba sai an sauya shi.

Maman Iman: To na karɓi gyara kan hasumiya. Jirage marasa matuƙi fa, na ɗaukar hoto da awon filaye?

Injiniya: Wannan kam yana yiwuwa Hajiya, lasinsa ma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Ɗan Auta: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Gobe zan kira asibitin kan gwaji na biyu. Yaya Mai Tsara Hanya, me zan fara maimaitawa kafin kwas ɗin?

Mai Tsara Hanya: Rahoton yanayi, METAR na halin da ake ciki a filin jirgi da TAF na hasashe. Kullum ka ɗauki na filaye uku ka fassara da kanka ba tare da manhaja ba, ka turo min ta akwati in duba maka.