"Naka sai naka, daɗin zama sai bare": yabo ne ko gori?

Ɗan Fadama:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce da ni, amma sai na ɗan ba ku labari. Garinmu a gefen kogi yake ta yankin Auyo. Tun ambaliyar 2022 da ta cinye mana shinkafa ta kwantar da gidajen ƙasa, muka kafa ƙungiyar samari. Duk Asabar sai mu fita gayya, wasu su cika buhu da yashi a ɗora kan jinga, masu kwale-kwale su shiga yankan kachalla, ciyawar nan da ke toshe hanyar ruwa. Ma'ajinmu abokina ne tun makarantar allo. Mahaifinsa daga Damagaram ya zo ci-rani ya zauna, shi kuwa a nan aka haife shi, a nan ya yi aure.

Makon jiya gardama ta tashi a kan inda za a fara jera buhu. Baffana yana so a fara ta bakin gonarsa. Ma'aji ya ce a'a, ta bayan firamare ruwa ya ɓalle wancan karon, can za a fara. Na bi bayan ma'aji. Baffa ya dube ni a gaban mutane ya ce, "Je ka, yaro. Naka sai naka, daɗin zama sai bare." Ya kaɗe riga ya tafi. Har yau in na durƙusa na gaishe su, da kai suke amsawa.

Ma'aji ya ji zafi, wai an kira shi bare a garin da aka binne cibiyarsa. Ni kuwa ina ganin rabin maganar ai yabon baren ne. To wa aka zaga a nan, ni ko shi?

'Yar Gumel:
Ku biyun aka haɗa aka yi wa bulala ɗaya. Shi an ce masa abokin hira ne kawai, kai kuma an ce ranar da ta ɓaci za ka dawo.

Ɗan Ci-rani:
Ni ban ga zagi ba. Shekarata goma sha ɗaya ina sayar da albasa a Legas. Wanda muke ɗaki ɗaya da shi ko garinsu ban taɓa zuwa ba, amma shi ya kwana a kaina a asibiti sati biyu. 'Yan'uwana kuwa sai waya, ita ma wayar a ƙarshenta akwai "a ɗan turo na sabulu". Zama da naka akwai lissafi a ciki, gado ne, gona ce, wa ya fi wa. Bare ba ya jiran mutuwarka ya ci wani abu, shi ya sa zamansa yake da daɗi.

'Yar Gumel:
To ka rasu a Legas ɗin mu gani, wa za a buga wa waya a ce ya zo ya karɓi matarka da 'ya'yanka?

Ɗan Ci-rani:
Haba Hajiya, daga karin magana sai ki kashe ni?

Ba-Ruwana:
Ai onarabul ɗinmu ya fi kowa fahimtar karin maganar nan, har ya yi mata sharhi a aikace. Kwangila, naka sai naka. Yawon kamfen cikin rana, sai bare.

Malam Na-Zaure:
Ɗan Fadama, da farko ka koma ka ba Baffanka haƙuri, ko da kai ne da gaskiya. Ba a kayar da uba a gaban taro. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Sai dai maganar bare, a yi hattara da ita. Da Manzon Allah (SAW) ya isa Madina, ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansar. Sa'adu bin Rabi'i ya yi wa Abdurrahman bin Aufu tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi masa addu'a ya ce a nuna masa kasuwa. Har gadon juna suka riƙa ci a farko, kafin ayar ƙarshen Suratul Anfal ta mayar da gado ga ma'abota zumunta. Ka ga gado ya koma gida, amma 'yan'uwantakar ba a soke ta ba. Ga kuma hadisin da Mala'ika Jibrilu ya yi ta wasiyya da maƙwabci har Annabi ya zaci za a ba shi gado. Mutumin da kuka taso a tsangaya ɗaya, kuke sallah a sahu ɗaya, ni ban san da wane ma'auni zai zama bare ba.

Uwar Biyu:
Malam, ku gafarce ni in sako baki. Tunda na ga zancen nan kakata ke faɗo min a rai, wadda muke ce wa Iya, mahaifiyar babanmu. Allah ya jiƙanta.

Iya tana da ƙawa Bafillatana, tun suna 'yan mata. Ita Bafillatanar, mu Dada muka taso muna ce mata, tana kawo nono garinmu ranar kasuwa, sai ta sauke ƙwaryarta a zauren su Iya ta sha ruwa. Ƙawance na gaske suka ƙulla, wanda ake kai goro gida-gida a shaida, ba irin namu na yanzu da ake ƙullawa a gidan biki a kwance a mota ba. Bikin wannan na waccan ne, in Iya ta kai kwano ɗaya Dada ta mayar da biyu. Lokacin jangali, in labari ya zo masu ƙirga sun taho, da daddare Dada za ta koro 'yan maruƙa uku ko huɗu, Iya ta ɗaure su a bayan ɗakinta cikin kara. Kakanmu ya sani, ya yi kamar bai gani ba.

To sai farin 1973. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Kakanmu ya tafi Kano neman abin da za a ci, ya bar Iya da tsohon ciki a hannun wansa. Ta haifi babanmu, jinya ta kama ta, nono ya ƙafe ƙaf. Wan miji yana da ɗan abin da ya rage a rumbu, ya sa aka yaɓe bakin rumbun da laka, ya ce iri ne, ko 'ya'yan cikinsa ba zai buɗe wa ba. Iya ta ce kwana biyu jariri yana kuka har muryarsa ta dishe, ana ɗiga masa ruwan zafi da tsinken cokali.

Rana ta uku sai ga Dada da goyonta, ita ma ba ta daɗe da haihuwa ba. Shanunsu sun fara faɗuwa, mazan sun ɗaure kaya za su yi kudu. Ta shigo sallama ne, ta yi wa ƙawarta ban kwana. Da ta ga abin da ake ciki ko tambaya ba ta yi ba, ta kwance goyonta ta ajiye, ta ɗauki babanmu ta sa a nono. Ta aika a gaya wa mijinta ya wuce da shanu, za ta same shi. Wata biyu ta yi a ɗakin Iya, jarirai biyu a ƙirji ɗaya, ita kanta dusa da ganyen tafasa take ci.

Ku dakata, yara sun dawo daga islamiyya, ina zuwa.

Ba-Ruwana:
Yaya, a daidai nan za ki ajiye mu? Ko aikin hanyar garinmu ba a bar shi a rabi haka ba. Shi aƙalla an kafa allo mai hoton mai girma.

Tsohon Hedimasta:
Kafin ta dawo. Jangalin da ta ambata, yaran yanzu ba su san wuyar da aka sha a kansa ba, shi da haraji. Mutum ya gudu ya bar garinsu saboda kuɗin kansa. Abin da su Malam Aminu Kano suka yi ta faɗa a kai ke nan tun kafa NEPU a 1950, sai a 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su, lokacin nan duk Kano muke, Jigawa sai 1991 ta zo. 'Yan NEPU na ƙauye kuwa, da yawansu danginsu ne suka fara juya musu baya don tsoron dagaci. In an ɗaure mutum, abokan tafiyarsa ne suke noma masa gona. To a wannan zamanin wa za ka kira naka?

Ɗan Ci-rani:
Allah ya jiƙan maza. Yanzu kuwa taliya ɗaya da sabulu biyu sun isa su mayar da kai ɗan'uwan kowa har zuwa la'asar ɗin ranar zaɓe.

Uwar Biyu:
Na dawo. Bayan shekaru su Dada suka dawo suka kafa ruga a gefen fadamarmu. Babanmu ya zama saurayi, ya ga wata 'yar Fulani a kasuwar Gujungu ranar Lahadi, hankalinsa ya tashi. Ya bi diddigi, ashe ƙanwar wanda suka sha nono tare ce, autar Dada. Ya zo ya sami Iya da zancen. Iya ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Kai da ƙanwarka?" Shi duk rayuwarsa ba wanda ya zaunar da shi ya gaya masa. Liman ya tabbatar masa ba aure. Babanmu ya ce sati guda bai ci tuwo ba.

Sannan wata shekara da kaka shanu suka shiga gonar wake, aka yi rauni, samarin gari suka ɗauko gora da ashana za su ƙone rugar. Iya a lokacin ta tsufa, da sanda take tafiya. Ta sa aka ɗaukar mata tabarma, ta je ta shimfiɗa a bakin hanyar rugar ta zauna, ta ce duk mai wucewa ta kanta zai bi. Babanmu ya zo ya tsaya a bayanta. Matan unguwa suka ji, suka fito ɗaya bayan ɗaya da mayafansu suka zazzauna. Ba wanda ya iya tsallake uwarsa. A nan aka tsaya har mai gari da arɗo suka zo aka ƙiyasta ɓarnar aka biya.

Amma ga inda nake so ku ji. Ranar da Iya ta rasu, su Dada sun yi nisa, ba waya a lokacin. Wan mijin nan da ya yaɓe rumbu, ya tsufa tukuf, shi ya sayi likkafani, shi ya zauna zaman makoki kwana bakwai yana karɓar gaisuwa, shi ya raba gado bai ci ko ƙwayar gero ba. Kuma irin da ya hana a ci, shi duk gidan suka shuka da damina ta dawo. Dada sai bayan arba'in ta iso. Ta shiga ɗakin Iya ta zauna a ƙasa, ba ta ce wa kowa komai ba sai da rana ta faɗi.

'Yar Gumel:
Kun gani ko? Naka sai naka. Likkafani dai daga gida ya fito.

Ɗan Ci-rani:
Hajiya, ba don nonon bare ba, da likkafanin jariri za a fara saya.

Malam Na-Zaure:
Ku duka kun kauce. Dada ai ba bare ba ce, uwa ce ta shari'a. Abin da nasaba ta haramta shayarwa ta haramta shi. A mazhabarmu ta Malikiyya ko sau ɗaya nono ya isa cikin jariri a shekarun shayarwa, magana ta ƙare.

Ɗan Ci-rani:
Malam, to ranar da ta shigo ɗakin, kafin ta kwance goyo, mece ce ita?

Ba-Ruwana:
Ni abin da ya dame ni, a duba mana ko akwai wanda ya sha nono ɗaya da kansilanmu, a tura shi ya tuna masa rijiyar burtsatsen da aka yanke wa ƙyalle sau biyu ba ta taɓa kawo ruwa ba.

Tsohon Hedimasta:
Ɗan Fadama, in koma kan jingarku. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara na Challawa a 1992, ruwan kogin Haɗejiya ya daina ƙafewa da rani yadda ya saba, kachalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa. In an toshe wa ruwa hanya, ta inda ƙasa ta fi kwari zai bi. Ma'ajinku ya karanta ƙasa daidai. In ya ɓalle ta bayan firamare, ta baya zai zagayo ya ci gonar Baffan naka. Ku dai zama tsintsiya, maɗaurinku ɗaya.

Ba-Ruwana:
Baba Hedimasta, a rufa mana asiri, kar a kawo tsintsiya nan, yanzu masu lema su taso, masu kayan marmari su biyo baya.

Mai Kula da Zaure:
A bar siyasa don Allah. Gargaɗi na biyu ke nan, Ba-Ruwana.

'Yar Gumel:
Ni a gidanmu ma ba haka ake faɗinta ba. Goggona in ta faɗe ta, nufinta kar ka zauna gida ɗaya da ɗan'uwa, ku yi nesa ku riƙa ziyara, zumunci a ƙafa yake. Ba ruwanta da gori.

Ɗan Fadama:
Na gode jama'a, ko da yake kun ƙara rikita ni. Malam, na ji, da magariba zan je da goro. Wani abu kuma da ban faɗa ba: jiya da safe an tarar da buhu talatin babu komai a ciki a ƙofar gidan ma'aji, irin na takin da Baffa ya zuba bana. Na tambayi yaran gidan Baffa, sun ce ba su san zancen ba.

Ba-Ruwana:
Buhun taki babu taki? To wannan ai rabon gwamnati ne, ku duba da kyau ko akwai hoto a jiki.

Ɗan Ci-rani:
Uwar Biyu, ita autar Dadar wa ta aura daga baya? Kuma mamanku ta san labarin nan?

Uwar Biyu:
Wani mai shanu ta aura ta wajen Maigatari, duk sallah tana zuwa mana da man shanu, Goggo muke ce mata. Mama kuwa ta sani sarai. Har gobe in Goggo ta zo, Mama ce ke kai mata ruwa da kanta, ta ce wa Baba ya zauna a zaure ya huta.